Kokon da Inna Dije Ta Ara Mini

Abubuwa da dama na shekarun aikina sun fita raina, amma ban taɓa mantawa da ranar Larabar da aka ajiye mini takarda a kan benci, an riga an buga sakamako a cikinta, aka miƙo mini biro aka ce in sa hannu ba. Ku da kuke shigowa aiki yanzu kun sha jin ana cewa Malama Rabi mai taurin kai ce, har an taɓa cilla ta Kabo saboda kokon nono. Gaskiya ne an cilla ni, kuma gaskiya ne a kan koko ne. Tunda labarin ya yi ta yawo har ya yi rassa, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

A lokacin ina wani ƙaramin asibiti a yankin Gwarzo, ina mataki na bakwai, ni kaɗai ce a ɗakin gwaji. Ga wanda bai san aikin ba, duk abin da aka ɗebo daga jikin mara lafiya wurina yake zuwa, jini ne ko fitsari ko majina. In duba shi a madubin likita, in ta kama in shuka shi a ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, in sa a akwatin ɗumi ya yi kwana biyu, sannan in rubuta abin da na gani in sa hannu. Likita ba ya ganin abin da na gani. Da sa hannuna yake ba da magani.

Da damina ne, bayan an gama noman farko. Cikin mako biyu aka kawo mana yara shida ko bakwai daga ƙauyukan wajen Lakwaya, duk 'yan shekara ɗaya zuwa biyu, bakinsu ya yi fari fat, harshe da dasashi da cikin kumatu, kamar an shafa musu kindirmo. In ka goge ba ya fita, in ka matsa sai jini. Yaro ya ƙi mama, ya ƙi kunu, sai kuka. Mu mun san ciwon. Wata ƙwaya ce da ake kira Kandida, 'yar'uwar yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi, kuma ita ce ke jawo wa mata wani nau'in ciwon sanyi mai ƙaiƙayi. Tana zaune a jikin kusan kowa ba ta cewa uffan, sai ta sami sarari take yin yawa. Amma mutanen gari ido suke bi. Ga abu fari mai kama da nono, a bakin yaran da ake dama wa fura da nono. Da aka tambayi iyayen inda suke sayen kindirmo, duk suka ce wurin Inna Dije.

Inna Dije tsohuwa ce da ke zaune a wata ruga bayan Lakwaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun fi karkata ga noma, shanun da suka rage ba su da yawa. Kindirmonta kuwa ya yi suna, irin wanda in ka yanka da ludayi wurin yake tsayawa. Da shi take ci, da shi kuma ake girmama ta.

Wanda ya ɗauki maganar da zafi shi ne Alhaji Sabo, babban duba-gari, ɗan mataki na goma sha biyu, kuma sakataren kwamitin tsafta na yankin. Ba zan zalunce shi ba, ba mugu ba ne. Ya ga yadda amai da gudawa ke kwashe mutane, tun daga nan ya yi imani duk abin da sabulu bai taɓa ba dafi ne. Ya je rugar ya tarar da babbar ƙwaryar da take kwantar da madara a ciki ta yi baƙi don tsufa. Ya tambaye ta yaushe rabon da ta wanke ta da sabulu. Ta ce ba ta taɓa ba, uwarta ma ba ta taɓa ba. Bai ƙara tambayar komai ba, ya juyo. Ya ce wa incajin asibitinmu, Malam Nasiru, a tura ni in ɗebo samfur, domin kwamiti zai zauna ranar Alhamis a hana ta sayarwa a kuma fasa ƙoren.

Ranar Litinin da hantsi na hau acaɓa na tafi. Na same ta a gindin ɗorawa tana goge faifai.

"Salamu alaikum, Inna. Sannu da gida."

"Alaikumus salam, 'yar nan. Sannu da hanya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya shanu, ya jikoki?"

"Lafiya lau. Ya mutan gidan naku?"

Muka yi ta yi har gaisuwa ta ƙare, idonta na kan farar rigata. Sai ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Na ce jikar Goggo Abu ce ta Unguwar Tudu, wadda ta yi tallan nono har ƙafafunta suka gaza. Ta ce ashe ma 'yar gida ce, ta jawo mini tabarma.

Ta nuna mini yadda take yi, ba ta ɓoye komai ba. Tana tafasa madara sosai, ta bari ta huce har ɗan yatsa ya iya zama a ciki, ta juye a ƙwarya, ta ɗebo ludayi guda daga kindirmon jiya ta zuba, ta rufe da faifai ta rataye a ragaya. Wannan ludayi gudan shi take kira iri. Ƙwaryar kuwa ruwan zafi take ɗauraye ta da shi ta kife a rana, domin a cewarta sabulu kashe iri yake yi. Irin nan uwarta ce ta ba ta ranar da aka kawo ta ɗakin miji, uwar ma daga tata uwar ta samu. Bai taɓa yankewa ba, ko shekarar da shanu suka ƙafe sai da ta riƙa neman madara ludayi-ludayi a maƙwabta don kada ya mutu.

Da na fito da kwalbata na ce ta ɗan zuba mini, sai ta janye ƙwaryar jikinta.

"Iri ba a kyautarsa, ba a sayar da shi. Uwa ce ke ba 'yarta, shi ke nan. Kindirmon talla ma sai ya kwana ya ɗau tsami nake fita da shi. Wannan na ƙwarya ba ya barin gidan nan."

"Inna, na ƙwaryar ake tuhuma. In ban duba shi ba, abin da Alhaji ya faɗa shi zai tsaya."

Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan koko mai zane a bakinsa, ta cika shi.

"Aro dai ana yi. Ga shi aro. Ki dawo mini da kokona, kuma kada ya dawo babu komai a ciki. Kullum ki tafasa madara ki ba shi. Mai rai ne, yunwa na kashe shi."

Na ce na ɗauki alkawari. A gabanta na ɗebi cokali biyu na zuba a kwalbar gwaji. Kokon kuwa gida na wuce da shi, bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, don na san irin abubuwan da ke yawo a kan bencina.

Da na sa kindirmon a madubin likita, abin da na gani cike da shi su ne 'yan ƙwayoyin nan masu kama da karan ashana, waɗanda ke sa madara ta yi tsami ta kama. Akwai yis jefi-jefi, ban ɓoye ba, na rubuta. Sai dai ba kowane yis ne mai cuta ba. Muna da gwaji mai sauƙi: a sa ƙwayar a ruwan jini a ɗumama awa biyu zuwa uku. Irin Kandidar da ta fi kawo wannan ciwo tana fitar da 'yar wutsiya. Ta bakin yaran duk ta fitar. Yis ɗin ƙwaryar Inna ko ɗaya bai fitar ba.

To in ba ƙwarya ba ce, mece ce? Ranar Talata iyayen suka dawo karɓar maganin ɗigawa a baki, na tare su ɗaya bayan ɗaya a baranda. Wata mai suna Hajara ce ta fara kwance mini bakin zaren.

"Gudawa ce ta kama shi, Malama. Babansa ya sayo kafso a kemis, nake buɗewa ina jiƙa masa. Da ba ta tsaya ba muka canja wani na ruwa."

"Kwana nawa kina ba shi?"

"Ai tun farkon damina."

Duk sauran haka suka faɗa, sai dai launin kafson ya bambanta. Irin wannan magani mai kashe ƙwayoyin cuta ba ya tambayar wa ye na gida wa ye baƙo. Yana share ƙwayoyin kirki da ke tsare baki da hanji, ita kuwa Kandida ba ya taɓa ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ranar na shirya wani gwaji da ba wanda ya sa ni. An koya mana a makaranta cewa ƙwayoyin da ke tsamama madara suna iya danne wasu ƙwayoyin, ban dai taɓa gwadawa da hannuna ba. Na shafe faranti guda da Kandidar bakin yaran, na huda ramuka uku a ciki. Na farko na ɗiga tafasasshiyar madara, na biyu maganin da muke ba yaran, na uku ruwan kindirmon Inna. Na sa a akwatin ɗumi. Sai safiyar Alhamis zai nuna.

Ranar Laraba da azahar Alhaji Sabo ya shigo, Malam Nasiru na biye da shi. Ya ajiye takardar. Na karanta. An rubuta cewa gwajin ɗakinmu ya tabbatar nonon Inna Dije ne ya jawo ciwon bakin yara. Ga sunana a ƙasa, ga layin da zan sa hannu.

"Yallaɓai, wa ya yi wannan gwajin?"

"Ke mana, Malama Rabi. Kin ga yis a ciki ko ba ki gani ba?"

"Na gani. Amma ba shi ne na bakin yaran ba."

"Yis yis ne. Ki sa hannu kawai, gobe akwai mitin."

"Ka ba ni zuwa gobe da safe, akwai farantin da nake jira."

Ya yi murmushi ya dubi Malam Nasiru. "Ai na manta. An ce kakarta ma mai tallan nono ce. Jini ne ya motsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ranka ya daɗe, kakata mai nono ce, kuma da kuɗin nonon aka saya mini littafin farko. Amma ba ita ta leƙa madubin nan ba, ni na leƙa. In ƙwaryar ce, da hannuna zan rubuta, ko ta uwata ce. Tunda ba ita ba ce, ba zan bar jaki in daki taiki ba." Na tura masa bironsa.

Bayan ya fita Malam Nasiru ya tsaya yana lallashina. Mutumin kirki ne, amma ko inuwarsa tsoro take ba shi. Ya ce, "Rabi, ƙwarya ce fa kawai. A kasuwa cike suke. Kina mataki na bakwai za ki ja da ɗan sha biyu?" Na ce masa ba ƙwaryar kasuwa ba ce, kuma ko ta kasuwar ce, sunana ne a ƙasan takardar ba nasa ba.

Safiyar Alhamis na buɗe akwatin ɗumi, na san in farantin ya ba ni kunya ba ni da bakin magana. Kandida ta rufe shi fari fat. A bakin ramin madara ta zo har gefe ta zauna. A kewayen ramin magani akwai fili tas mai faɗi, kamar yadda ya kamata. A kewayen ramin kindirmon Inna ma akwai fili, bai kai na maganin ba, kamar faɗin farcen babban yatsa, amma ko makaho ya shafa ya san an ja da baya. Na naɗe farantin da leda na nufi inda kwamiti ke zama, ba tare da an gayyace ni ba.

Shugaban kwamitin wani dattijo ne, tsohon hedimasta. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe su, na roƙi minti biyar. Alhaji Sabo ya ce ba na cikin jerin masu magana. Dattijon ya ce a bar ni. Na ɗaga farantin a hasken taga, na bayyana musu ramukan uku, na faɗa musu maganar kafso. Suka riƙa tasowa ɗaya-ɗaya suna leƙawa. Gani ya kori ji.

Dattijon ya ce, "To 'yata, kina nufin kindirmo magani ne ke nan? A daina ɗiga wa yara magani?"

"A'a, Baba. Kada a daina. Faranti daban, bakin yaro daban, kuma gwaji ɗaya ne na yi a ɗan ƙaramin ɗaki. Abin da zan iya rantsuwa a kansa shi ne, abin da ke cikin ƙwaryar nan ba shi ya kawo ciwon ba. A gabana ma korarsa yake yi."

Sai Alhaji Sabo ya gyara murya ya ce ai maganar ta wuce nan. Rigakafi ya fi magani, kuma aikinsa ya ba shi ikon kawar da abin da yake zargi. Tun da sassafe ya je rugar da ma'aikatansa, sun zubar da duk abin da suka samu, sun farfasa ƙoren har da babbar.

Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka, fushi ne ya hana ni. Bai tsaya nan ba. Ya ce duk samfurin da aka ɗebo a ƙone shi, kuma ya ji labarin akwai wani koko a gidana, in kawo shi kafin la'asar.

Na ce, "Yallaɓai, kwalba da faranti yau zan dafe su in ƙone, ƙa'idar aikina ce. Koko kuwa ba samfur ba ne. Aro aka ba ni, kuma mai shi zan mayar wa."

"Umarni nake ba ki."

"Na ji. Ba zan kawo ba."

Kafin a tashi aiki takardar tuhuma ta iso, in bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ba za a hukunta ni kan rashin biyayya ba. Amsata layi uku ce. Na ce ban sa hannu ba domin ban ga abin da aka rubuta ba, ban kawo koko ba domin ba nawa ba ne, kuma ga kwafin sakamakona a manne. Kwamiti ya cire sunan Inna Dije daga takardarsa shiru-shiru, aka tura a ja kunnen masu kemis a kan sayar da kafso barkatai. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. Ni kuma bayan mako biyu aka ba ni takardar canjin wurin aiki zuwa Kabo. Yaran duk sun warke da maganin ɗigawa.

Amma kafin nan, washegari Juma'a, na ɗauki kokon na rufe da ƙaramin faifai na hau acaɓa, ina riƙe da shi a cinya kamar jariri, ina yi wa ɗan acaɓan faɗa a kan kowane rami. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki. An share sakainun an tara a gefe, ta ware na babbar ƙwaryar ta ajiye kusa da ita. Surukarta ta raɗa mini cewa tun jiya ba ta ci komai ba, madarar safe ma tana nan ba ta taɓa ba. Maƙwabta sun kawo mata nasu irin ta ce ba ta so, ba na gidansu ba ne.

Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kin zo ki ga aikinku?"

Na ce, "Aro na dawo da shi, Inna." Na ajiye kokon a gabanta.

Ta dube shi ta daɗe. Ta ɗage faifan ta shinshina. Ta yi bismillah ta lakato da ɗan yatsa ta sa a baki, ta rufe ido.

"Kin bar shi ya yi tsami da yawa. Madarar ma ba ki bari ta huce ba kike ba shi, haka 'yan boko suke, komai da gaggawa." Ta sake lakatowa. "Amma shi ne. Na Innata ne."

Ta ce wa surukarta ta hura wuta ta ɗora madarar, ta aika a aro mata ƙwarya a maƙwabta kafin ta sayi sabuwa. Ina zaune ta tafasa, ta jira ta huce, ta gwada da yatsa, ta juye irin. Sai ta rage ludayi guda a kokon, ta rufe, ta turo mini shi.

Na ce, "Inna, ai kin san kulawar tawa, kin ɗanɗana. Kada ki sake ara mini."

Ta ce, "Wa ya ce miki aro ne? Na gaya miki uwa ce ke ba 'yarta."

Da kokon nan na tafi Kabo, a can na yi shekara shida, ban kuma taɓa neman a dawo da ni ba. Abin da na koya shi ne, a aikin nan namu abu mai kama da laifi ya fi mai laifin saurin kamuwa, musamman in na talaka ne kuma ya yi baƙi don tsufa. Manya za su zo muku da takarda a buge suna sauri. Ku duba tukuna, abin da kuka gani shi za ku rubuta, ko ya yi wa wa daɗi ko bai yi ba. Wurin aiki ana canja wa mutum, amma sa hannu in ya fita ba ya dawowa.

Inna Dije ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Irin yana nan a gidana, yau da safe ma na ba shi madara, kuma na bari ta huce.